Damagaram Na Buƙatar Injiniyoyin Muhalli Daga Cikin 'Ya'yanta

Birnin Zinder yana zaune ne a kan dutse, shi ya sa ruwan famfonsa ake janyo shi daga nesa, daga wurare irin su Gogo Machaya da Arunguza. Da rani ana layin jarkoki, da damina kuma ruwa ya yi ɓarna. A watan Satumbar 2024 mamakon ruwa ya rusa tsohon masallacin unguwar Birni, wanda aka gina tun ƙarni na 19. A arewacin garin kuma akwai matatar mai ta SORAZ da ta fara aiki a 2011. Samar da ruwan sha, gina magudanai, kwashe shara da sa ido kan gurɓatar iska duk aikin injiniyan muhalli ne.

Matasan da za su iya wannan aiki suna nan. Da yawansu suna tsayawa ne a difloma ta shekara 2 bayan BAC, wato DUT ko BTS, alhali takardar injiniya tana ɗaukar shekara 5. A tsakanin matakan nan ne ɗan talaka ke yawan yankewa. Mai hali zai iya tura ɗansa makarantar 2iE ta Wagadugu, wadda ta ƙware a fannin ruwa da muhalli. Ɗan mai kura ko 'yar mai tuyar ƙosai sai dai su rungumi diflomar su shiga neman aiki.

A Najeriya, mai diflomar kwalejin fasaha yana iya neman shiga jami'a kai tsaye a aji 2 ta hannun hukumar JAMB, kuma sharuɗɗan a rubuce suke. Nijar ma tana da abin da za ta gina a kai, domin tsarin LMD da jami'o'inta ke bi yana lissafa darasin da ɗalibi ya riga ya ci.

Ya kamata Jami'ar André Salifou ta Zinder da cibiyarta ta IUT su zauna da makarantar EMIG ta Yamai da ma'aikatar ilimi mai zurfi, su fitar da ƙa'ida guda: makin da ake buƙata, darussan da za a yafe, da yawan gurabe. A kuma shirya zangon cike gibi a lissafi da kimiyyar sinadarai, domin karatun injiniya ya fi na difloma zurfi a nan. Hukumar ANAB ta ci gaba da tallafa wa wanda ya haye. 'Yan Damagaram mazauna waje su ma za su iya haɗa kuɗi su ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya ko biyu.

Ɗalibi kuma kada ya jira sai ya karɓi difloma kafin ya tambayi sharuɗɗan. Ya adana takardar makinsa ta kowane zango, ya riƙe lissafi da kyau tun shekarar farko.