Littattafan Indiya a Gindin Gada: Me Matasanmu Ke Nema a Ciki?

Yau ina so in taɓo wata magana da ba a cika yin ta a fili ba, wato maganar littattafan nan masu ƙanshin addinin Hindu da na Buddha da wasu matasanmu ke karantawa a ɓoye. Duk wanda ya bi ta Ojuelegba ko Yaba a nan Legas ya ga masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, kuma da wuya ka rasa wanda ke da hoton mutum ya harɗe ƙafafu, ido a rufe. Ni ɗan kasuwa ne, mahaifina goro yake sayarwa a Agege, karatuna bai wuce sakandare ba, amma na karanta da dama daga cikinsu, kuma na san ba ni kaɗai ba ne a unguwarmu. Ra'ayina shi ne, yaron da aka gani da irin wannan littafi ba tsangwama yake buƙata ba, yana buƙatar wanda zai nuna masa abin da ke hannunsa, domin ba duka ne gaskiyar abin da aka rubuta a bangonsu ba.

Da farko, me ke kai shi? Mu da muka tashi a kasuwa mun san yadda rana ke wucewa: sauke kaya da asuba, ciniki, bin bashi, lissafi da dare. Wata rana sai mutum ya tambayi kansa, shin iyakar rayuwar ke nan? Idan ya furta a gida, a ce masa shaiɗan ne, ya yi ta'awwuzi. Sai ya tarar da littafi a bakin titi da ya ɗauki tambayarsa da muhimmanci. Ga shi kuma Indiya ba baƙuwa ba ce a zuciyar Bahaushe, da finafinansu muka girma.

To amma mai karatu, bari mu duba su waye marubutan. Wanda ya fi yawo a titunan nan shi ne Lobsang Rampa, mai littafin The Third Eye da ya fito a 1956. Ya ce shi babban malamin addinin Buddha ne daga Tibet, wai an huda masa goshi an buɗe masa ido na uku har yana ganin abin da ke ɓoye a jikin mutane. A 1958 wani ɗan bincike ya bankaɗo cewa sunansa na gaskiya Cyril Hoskin, ɗan wani mai gyaran famfo ne daga yankin Devon a Ingila, bai taɓa taka Tibet ba, bai kuma jin harshensu. Da asiri ya tonu sai ya ce ai ruhin malamin ne ya shiga jikinsa bayan ya faɗo daga kan bishiya. Daga baya ma ya fitar da wani littafi da ya ce kyanwarsa ce ta shifta masa. Ya mutu a Kanada a 1981, amma har gobe ana sayen littattafansa a nan. Wanda ya nemi haske a wurin wannan, ba addinin Buddha ya karanta ba, tatsuniyar Bature ya saya.

Na biyu shi ne Siddhartha, na Hermann Hesse, wanda ya fito a 1922. Wannan kam marubuci ne na gaske, ya ci kyautar Nobel a 1946, kuma bai yaudari kowa ba, ƙagaggen labari ne. Shi ne ya fi taɓa ni, don tauraron labarin bayan ya bar gidan ubansa ya yi shekaru yana azabtar da kansa da yunwa, sai ya koma birni ya zama yaron wani attajiri, ya ƙware a ciniki, ya yi kuɗi, ya faɗa caca, har ya wayi gari ya tsani kansa, ya ƙare yana aikin fito a bakin kogi. Duk ɗan kasuwa zai ga kansa a tsakiyar wannan labari. Sai dai mu sani, Hesse Bajamushe ne, jikan 'yan mishan, kuma damuwar Turawan da suka fito daga Yaƙin Duniya na Ɗaya ce ya sa wa rigar Indiya. Darasinsa shi ne babu malamin da zai iya ba ka hikima, sai ka ɗanɗani komai da kanka, har da ɓarna. Wannan shawara tana da daɗin karantawa, amma wanda ya bi ta a Legas zai iya rasa jarinsa da mutuncinsa kafin ya kai bakin kogin.

Idan aka koma ga asalin, akwai abin dubawa. Shi Gautama, wanda ake kira Buddha, an haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, ƙarnoni kafin Annabi Isa (AS). Mabiyansa sun ruwaito cewa ɗan sarauta ne, ya bar fada yana da shekara 29 bayan ya ga tsoho da majinyaci da gawa. Koyarwarsa ta ginu a kan cewa rayuwa cike take da wahala, tushen wahalar kuma kwaɗayi ne, idan kwaɗayi ya mutu wahala za ta yanke. Shi kuwa Bhagavad Gita na 'yan Hindu, mai babi 18 da baiti 700, yana koyar da mutum ya yi aikin da ke kansa ba tare da ya rataya zuciyarsa ga sakamakon ba. Wanda ya taɓa ganin huhun goro ya ruɓe a hanya, ko abokin ciniki ya gudu da kuɗi, ya san nauyin wannan magana.

Amma dole a faɗa wa matashi inda hanya ta rabu. Koyarwar Buddha ba ta ginu a kan Mahalicci ba. Addinan biyu kuma duk sun yarda mutum yana mutuwa ya dawo duniya a wani jiki, sau da yawa, gwargwadon aikinsa, kuma burinsu shi ne kuɓuta daga wannan zagaye. Mu kuwa mun yi imani da rayuwa ɗaya, mutuwa ɗaya, sai tashi da hisabi. Mai cewa ai duk tafiyar ɗaya ce, bai yi wa kowane ɓangare adalci ba.

Shin karanta su haramun ne? Fatawa ba tawa ba ce, amma tarihi yana nan. Malam Al-Biruni ya koyi harshen Sanskrit, ya zauna da malaman Hindu, ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen shekara ta 1030, har ya fassara littafin Patanjali na yoga zuwa Larabci, kuma yana Musulminsa. Shi ya karanta ne da ilminsa a hannu, ya san abin da zai ɗauka da abin da zai bari. Nan ne gizo ke saƙar, domin yawancinmu karatun allo muka yi muka tsaya, ba mu taɓa jin cewa namu malaman sun yi fama da irin wannan ƙishirwa ba. Imam Gazali ya ajiye babbar kujerar koyarwa a Bagadaza a 1095 saboda ya ji ilminsa bai kai zuciyarsa ba, ya kuma ba da labarin shakkarsa da nemansa a cikin Al-Munƙiz minad Dalal. Ibrahim bin Adham, an ruwaito ya bar sarautar Balkh ya zaɓi zuhudu. Yaro nawa ne a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Ibadan aka taɓa zaunar da shi aka ba shi waɗannan labarai?

Don haka roƙona ga iyayenmu da malaman zaure: idan yaro ya zo da tambaya mai nauyi, a saurare shi kafin a yi masa faɗa, don wanda aka kora daga zaure, bakin titi zai koma. Masu hali a cikinmu su taimaka a samar da littattafan su Gazali cikin Hausa mai sauƙi a masallatanmu na kudu. Ku kuma 'yan uwana matasa, kafin ka ba da kuɗinka ka binciki marubucin, yanzu da waya a hannu abin bai da wuya. Duk wanda ya ce zai buɗe maka ido na uku ko ya sayar maka da asirin Indiya, riƙe aljihunka. In ka karanta abin da ya girgiza ka, kada ka kwana da shi kai kaɗai, nemi malami mai haƙuri ka kai masa.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Wassalam.