"Moron" Ba Zagin Wasa Ba Ne

Na gaji da ganin 'yan boko, da zarar gardama ta yi zafi, suna jifan juna da "moron" ko "imbecile", wai su ga masu Turanci. Da sun san inda kalmomin suka fito, da sun kama bakinsu.

A 1910 ne Henry Goddard, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya ƙirƙiro "moron" daga kalmar Girkanci mai nufin wawa. A wurinsa sunan cuta ne: baligin da aka auna tunaninsa daidai da na ɗan shekara 8 zuwa 12. Na ƙasa da shi "imbecile", na can ƙarshe "idiot". Da wannan ma'auni aka riƙa kulle mutane a gidajen killacewa. A 1927 Kotun Ƙolin Amurka ta amince a yi wa Carrie Buck tiyatar hana haihuwa a kan dole, wai ita da uwarta da 'yarta duk masu raunin hankali ne. Ashe 'yar, da ta shiga makaranta, karatunta ta yi lafiya lau. Sama da mutum 60,000 aka yi wa wannan aika-aika a ƙasar.

Likitocinsu sun daɗe da zubar da kalmomin, mu kuma muka tsince su a juji. Wani zai ce ai zagi ne kawai. To, ya tambayi uwar da aka nuna ɗanta mai lalurar ƙwaƙwalwa aka ce "imbecile" a gabanta. Wanda hujja ta ƙare masa, ya yi shiru. Ya bar bayin Allah da lalurarsu.