Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Kwanakin baya ƙungiyarmu ta muhawara ta tafka gardama a kan wannan batu: mutumin da zai yi tafiya zuwa ƙasar da ake fama da zazzaɓin cizon sauro, ya sha maganin rigakafi tun kafin ya tashi, ko kuwa ya bari sai ciwo ya zo sa'an nan ya nemi magani? Ban sami damar magana ba a ranar, domin an kaɗa ƙararrawar cin abinci kafin layi ya zo kaina. Saboda haka na roƙi edita ya ba ni ɗan fili in faɗi nawa ra'ayin. Ni dai ina bayan rigakafi, kuma abin da na gani da idona ne ya sa ni.

Ina da kawu wanda ya shekara goma sha biyu yana aiki a Ingila. A hutun damina da ya wuce ya zo ganin gida tare da ɗansa mai shekara tara, wanda aka haifa a can. Kowace safiya bayan karin kumallo sai ya ciro ƙwaya guda ya ba yaron, shi kuwa ba ya sha. Mahaifiyata ta ce masa, "Yaya, kai fa ba za ka sha ba?" Sai ya yi dariya ya ce, "Haba, ni da aka yanke wa cibiya a bakin fadamar nan? Ai sauron garin nan ya san jinina."

Bai cika mako biyu ba sai ga masassara da ciwon kai da amai. Aka aike ni kemis, na sayo waɗansu ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, ba kwali, ba suna. Ya sha ya ɗan ji dama, muka ce an rabu da bukar. Bayan kwana biyu ciwo ya dawo da ƙarfinsa, har kawu ya fara sambatu, bai san wanda ke kansa ba. Kwana shida ya yi a asibiti ana yi masa allura da ƙarin ruwa. Jirgin da zai koma da shi ya tashi ya bar shi, sai da ya sake biyan wani kuɗin. Yaron kuwa ko ciwon kai bai yi ba.

Likitan da ya duba shi ya yi mana bayanin da ban manta ba. Ya ce mu da muke zaune a nan, sauro yana cizonmu kowace shekara, don haka jikinmu ya ɗan saba da cutar, takan zo wa babba da sauƙi. Amma wannan sabo ba gado ba ne. In mutum ya daɗe a ƙasar da babu cutar, sai ya gushe, ya koma kamar baƙon da bai taɓa taka ƙasar nan ba. Kuma irin ƙwayar cutar da ta fi yawa a wajenmu, wadda ake kira falsifarum, ita ce mafi haɗari, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa ta kashe mutum cikin 'yan kwanaki. A 2023 an sami mutum wajen 2,000 da suka koma Ingila da wannan zazzaɓi, kuma galibinsu irin kawu ne, watau masu zuwa ganin dangi.

Wannan darasi ba sabo ba ne. Mun karanta a tarihi cewa a 1841 Turawa sun shigo kogin Kwara da jiragen ruwa, zazzaɓi ya kashe musu fiye da mutum 40. A 1854 Dokta Baikie ya shigo har ya hau Binuwai, amma ya sa mutanensa shan kwinin kullum, ko suna da lafiya. Ya koma bai rasa ko mutum ɗaya ba. Kogin bai sake ba, sauron ma bai sake ba, shiri ne ya bambanta.

To, masu ɗaya ra'ayin fa, me suka ce? Ba zan ce maganarsu banza ce ba. Na farko sun ce maganin rigakafi yana da tsada, alhali maganin warkarwa yana nan a kowane lungu da araha. Gaskiya ne, musamman wanda ake kira Malarone. Amma akwai doksisaikilin mai sauƙin kuɗi. Kuma in aka haɗa kuɗin gadon asibiti da na jirgin da kawu ya biya, da ya sayi rigakafin gidansa duka har ya yi saura. Araha dai ba ta ado.

Na biyu sun ce don me mai lafiya zai yi ta haɗiyar ƙwaya, ga shi kowace tana da nata lahani? Wannan ma haka ne. Doksisaikilin ba a ba mai ciki ko ƙaramin yaro, kuma takan sa rana ta ƙona fatar waɗansu. Mefulokwin takan kawo munanan mafarkai, ba a kuwa ba mai farfaɗiya ko mai taɓin hankali. Amma wannan hujja ce ta a je wurin likita ya zaɓa wa mutum wadda ta dace da shi. Ba hujja ce ta a ƙi sha ba.

Na uku sun ce ai sai matafiyi ya riƙe maganin warkarwa a jaka, da ya ji zazzaɓi ya sha. Wannan dabara tana da amfani ga wanda zai shiga daji nesa da asibiti. Sai dai ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba, kuma ciwon ba ya bayyana sai bayan kwana bakwai ko fiye da cizon. Sau da yawa sai mutum ya koma inda ya fito yake tashi masa, a inda ba lalle ne a yi saurin tunanin cizon sauro ba.

Abin da ya sa na ɗauko karin maganar da ke kan wannan rubutu shi ne, kowane maganin rigakafi yana da lokacinsa. Malarone ana fara ta kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, a sha kullum, a ci gaba har kwana bakwai bayan an dawo. Doksisaikilin ita ma kullum ce, amma sai an ƙara mako huɗu bayan dawowa. Mefulokwin sau ɗaya ce a mako, ana fara ta mako biyu ko uku kafin a tashi. Wanda ya bari sai daren tafiya, ko ya daina sha ranar da ya sauka gida, ya yi aikin baban giwa. Kuma babu ƙwayar da ke tsare mutum gaba ɗaya, tilas a haɗa da gidan sauro da tufafi masu rufe jiki da dare.

Sa'an nan sai a kula da inda ake sayen maganin. Har yau ina jin nauyin ƙullin ledar nan da na kai wa kawu da hannuna. Magani na jabu ya yi yawa. A saya a asibiti ko babban kantin magani mai rajista, a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa. Yawancin kwalayen maganin zazzaɓi suna da wurin da ake kankarewa a aika da lambar ta waya, a sami amsa ko na gaske ne.

Wani zai ce, to mu mazauna gida fa, mu ma mu kama shan ƙwaya kullum? A'a. Iyayenmu sun ba mu labarin Daraprim da ake raba musu a makaranta kowace Lahadi, har ake ce mata Sande-Sande. Yau ta daina aiki kamar da, domin cutar ta saba da ita. Haka kulorokwin, wadda Nijeriya ta sauya da sababbin magunguna a 2005. Rigakafin ƙwaya a wajenmu na masu ciki ne da ƙananan yara, waɗanda ake bi gida gida ana ba su kowane wata da damina. Mu namu shi ne gidan sauro. In zazzaɓi ya zo a yi gwajin jini, wanda ba ya wuce minti ashirin, in an ga cutar a sha maganin kwana uku cif, kada a ajiye saura don an ji sauƙi.

Daga ƙarshe ina kira gare mu duka. Hutu ya gabato, mu ma matafiya ne. Kada wanda ya bar gidan sauronsa a akwati a ɗakin kwana, a tafi da shi gida. Wanda kuma yake da ɗan'uwa a ƙasar waje mai shirin zuwa, ya gaya masa ya ga likita tun da sauran wata guda, ya kuma ba shi labarin kawuna. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah ya ba mu lafiya, ya kai mu gida lafiya, amin.