In an ce za a canza wa imel suna, ka tambayi ina kayanka za su kwana

Jama'ar Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ina da magana, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba.

Duk bayan ɗan lokaci sai an jefo saƙo a guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp: wai kamfanin imel kaza zai canza suna, wai za a rufe akwatin duk wanda bai sabunta ba, ga shuɗin rubutu a ƙasa an ce a danna. Nan take sai mu rabu gida biyu. Wasu su yi ta turawa ba bincike, har da "don Allah a yaɗa". Wasu kuma, masu ganin sun waye, su yi dariya su ce ai suna ne kawai, me ya shafe mu? Ni duka ɓangarorin biyu nake ja da su.

Bari in fara da masu dariya. Kamfanin Apple ya buɗe imel da wurin ajiya kyauta a shekarar 2000 da sunan iTools. A 2002 ya mayar da sunan .Mac, tare da sabon sunan kuma aka ce sai an biya kusan dala 100 a shekara. A 2008 ya koma MobileMe. A 2011 raɗe-raɗi suka cika duniya cewa za a sake masa suna, kuma maganar ta tabbata, a watan Yuni aka sanar da iCloud. Ranar 30 ga Yunin 2012 aka rufe MobileMe. Adireshin imel ɗin mutane ya ci gaba da aiki, amma rumbun ajiyar takardu na iDisk da shafin baje hotuna ba su tsallaka cikin sabon tsarin ba. Shekara guda aka bai wa mutane su kwashe kayansu. To ka ga wanda ya ce "suna ne kawai" ya kwanta barci, shi aka bari da kuka.

Wani lokacin ma sunan yana nan daram, sharaɗin ne ake juyawa. Google bai taɓa sunan Gmail ba, amma daga Yunin 2021 ya daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka, komai sai ya shiga cikin gigabait 15 ɗin nan. Daga Disambar 2023 dokarsa ta ba shi damar goge akwatin da ya shekara biyu ba a leƙa shi ba. A 2024 kuma ajiyar hirarrakin WhatsApp ta wayoyin Android ta fara cin wannan gigabait 15 ɗin. Mutum nawa a cikinmu suka san da haka? Waɗannan ba wanda ya yaɗa su a guruf, saboda ba su zo da ihu ba.

Yanzu ga masu turawa. Ku da kanku shaida ne kan yadda canjin suna na gaskiya yake. Layin Econet ya koma Vmobile, ya koma Celtel, ya koma Zain, ya zama Airtel a 2010. Etisalat ya zama 9mobile a 2017. A tsallaken iyaka, Orange ta Nijar ta koma Zamani. Hotmail ya narke cikin Outlook a 2013, masu tsohon adireshi har gobe da shi suke shiga. A cikin waɗannan duka, wane kamfani ne ya taɓa biyo ka ta WhatsApp ya ce ka rubuto masa kalmar sirrinka? Babu. Wanda ya nemi kalmar sirri, ko lambobin nan da ake turo maka ta tes, ɓarawo ne ko da tambarin wa ya zo. Kai kuma da ka tura wa gurufin 'yan uwa, wallahi kai ka buɗe masa ƙofar gida.

Amma babban ciwonmu a nan yankin ya girmi jita-jita. Da yawanmu ba mu muka buɗe imel ɗinmu ba. Yaron shagon waya ne ya buɗe ranar da aka sayi wayar, ko mai kafe ranar rajistar JAMB. Shi ya zaɓi suna, shi ya sa kalmar sirri, wani lokacin ma lambar wayarsa ya saka a matsayin ta dawo da akwati. Ɗalibin da ke neman gurbi a Kwalejin Ilimi ta Gumel, duk saƙon makaranta can yake zuwa. Ɗan kasuwar da ke cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, lambobin abokan cinikinsa na shanu da riɗi da zoɓo, na Najeriya da na Nijar, can suke kwance. Tambaye shi kalmar sirrin, sai ya ce "ai yaron nan ne ya sani". Ran da wayar ta faɗa ruwa ko aka zare ta a cunkoso, yaron nan ya tafi Kano ko Abuja, shi ke nan. Ga kuma layin da aka jingina akwatin da shi: in ya daɗe ba ya aiki, kamfani na iya sayar wa wani, lambar dawo da akwatinka ta riƙa zuwa hannun baƙo.

Na san wani zai ce to a koma wa littafi da biro mana. A'a. Littafi ma gara na ci, gobara na cinyewa, ruwan damina na jiƙawa. Ajiyar intanet ta ceci mutane da dama da suka rasa waya. Abin da nake cewa shi ne, rumbun aro ne, mai shi na iya sauya masa suna ko ƙa'ida ba tare da ya shawarce ka ba. Mai hatsi a rumbun wani ba ya sakin makulli, kuma ba ya zuba duka a wuri ɗaya.

Saboda haka yau ɗin nan, kafin ka kwanta, duba wane imel ne a wayarka. Canza kalmar sirrin da hannunka, ka rubuta ka adana inda kake ajiye takardun gona. Tabbatar lambar da ke jikin akwatin taka ce kuma tana aiki. Takardun makaranta da muhimman lambobi a samu kwafinsu a memori ko a takarda. In ka ji labarin canjin suna, shiga manhajar da kanka ka karanta sanarwarsu, ka nemi amsar abu uku: me za a rufe, yaushe, kuma nawa za a fara karɓa.

Ku kuma masu kafe da masu gyaran waya, ku ji tsoron Allah. Amana ce a hannunku. In kun buɗe wa dattijo ko yarinya imel, ku rubuta musu komai a takarda, ku sa lambarsu ba taku ba. Minti biyu ne.

Wanda ke ganin na yi kuskure, fili a buɗe yake, ya zo da hujja. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da sirrinmu.