Da Me Muridi Zai Gane Shehinsa?

Mai neman sanin Allah yana cikin tsaka mai wuya. Abin da yake nema wurin shehi, wato buɗi da ma'arifa, lamari ne na zuciya, shi kuma bai ɗanɗana ba tukuna, balle ya auna shi a zuciyar wani. Shi ya sa da yawa suke komawa ga abin da ido ke gani da wanda kunne ke ji: cikar zawiyya ranar Juma'a, labarin karama, ko mafarkin da wani ya ce ya yi. A ganina babu ma'auni ko ɗaya a cikin waɗannan. Sufaye da kansu sun daɗe da rarrabe karama da istidiraji, domin mutum kan yi abin al'ajabi alhali talala ake yi masa. In kuwa taro ne, ai Muhammadu Marwa Maitatsine ya tara jama'a a 'Yan Awaki a Kano, a Disambar 1980 kuma abin ya ƙare da asarar rayuka fiye da 4,000.

Abin da muridi zai iya bincika a fili yake. Gaban wa mutumin ya durƙusa ya yi karatu, wa ya ba shi izini, ina silsilarsa ta tuƙe? Yaya sallarsa, yaya kuma yake da aljihun almajiransa da mutuncin iyalansu? Maƙwabta sun fi mawaƙan bege sanin amsar. Haka magabata suka yi. Shehu Ibrahim Inyass ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a Hajjin 1937, amma tafarkinsa na Faila ya kafu a Kano ne bayan da malaman Salgawa irin su Malam Tijjani Usman Zangon Barebari da Malam Atiku Sanka, waɗanda dama sun ƙoshi da fiƙihu, suka zauna da shi, suka ji iliminsa, sannan suka miƙa wuya. Da ilimi suka auna, ba da jita-jita ba.

Wani zai ce wannan rashin ladabi ne, tunda an ce muridi ya zama kamar gawa a hannun mai wanka. To, sallamawar bayan zaɓe take zuwa, kuma ko bayan zaɓen ba ta rufe bakin shari'a. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya je har Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya girmama shi iyakar girmamawa, amma da malamin ya kafirta masu aikata manyan zunubai, Shehu ya saɓa masa a rubuce, babu kuma wanda ya ce albarkar karatu ta guje shi. Saboda haka duk shehin da ya ce ya kai matsayin da salla ta faɗi a kansa, ko yake fusata don an tambayi malamansa, a bar masa zawiyyarsa, a nemi wani.