Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Kira Kan Adana Tsofaffin Babura a Birnin Kano

A watan Oktoba na 2018 kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da wani tsohon babur a Amurka a kan dala 230,500. Babur ɗin ƙirar Husqvarna ne na 1970, wato irin wanda ake ƙerawa a Suwidin a wancan lokaci don shiga daji da tsallake kwazazzabai. Abin da ya ɗaga darajarsa shi ne ɗan wasan sinima Steve McQueen, wanda ya rasu a 1980, ya mallake shi, kuma ya hau shi a fim ɗin On Any Sunday na 1971. Akwai irinsa da yawa waɗanda ba su kai ko kusa da wannan kuɗi ba. Ashe ke nan masu saye tarihin babur ɗin suka biya, tare da takardun da suka tabbatar da tarihin.

Mai karatu zai iya cewa wannan almubazzaranci ne na masu hannu da shuni, kuma bai shafi Bakano ba. Maganar almubazzaranci tana da ƙamshin gaskiya, amma batun cewa Kano ba ta da hannu a sha'anin kuskure ne. Alal misali, a watan Disamba na 1934 wasu Turawa mata biyu, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka taso daga Landan a kan babur ƙirar Panther mai akwati a gefe, suka ratsa Sahara, suka biyo ta Agadas da Kano, suka isa Kef Tawun a watan Yuli na 1935. Haka kuma tseren farko na Faris zuwa Dakar, wanda aka kammala a 1979, ta Agadas ya bi, kuma Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya a kan Yamaha XT500.

Daɗin daɗawa, birnin yana da nasa tarihin babur. Kuɗin Udoji na 1975 sun sa ƙananan ma'aikata da yawa sun mallaki Honda da Vespa da Suzuki. Lungunan cikin ganuwa, waɗanda mota ba ta iya shiga, babur ne ya zama dokinsu. Daga baya aka shiga zamanin acaɓa, babura 'yan Sin irin su Jincheng suka cika gari, har zuwa watan Janairu na 2013 da gwamnatin jiha ta hana ɗaukar fasinja a babur bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zamunna ya bar ƙarfensa a zaure ko a bayan gida, kuma 'yan gwangwan suna bi suna saye a kan sikeli, ana kai wa masu narkarwa.

Ba a ce Nijeriya ba ta san darajar abin hawa ba. Motar Marsandi da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas, kuma ramukan harsashin da ke jikinta sun fi dogon bayani ratsa zuciya. A Kano ma an adana gidan Malam Aminu Kano, wato Mambayya, a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Sai dai adana kayan mashahurai kawai yana barin babban giɓi. Babur ɗin malamin gona da ya zaga ƙauyuka cikin laka da yashi, ko na malamin makaranta, ko na duba-gari, yana ba da labarin yadda talaka ya rayu, kuma wannan labari ne ya fi saurin ɓacewa, domin babu mai yin gwanjonsa.

A nan ne aikin ɗaliban Hausa ya taso. Ƙarfe ba ya magana, sai an sami wanda ya yi magana a madadinsa. Tsofaffin kanikawa da dillalai suna riƙe da sunayen da aka laƙaba wa babura, da kirarinsu, da kalmomin sana'a da aka aro aka Hausantar. Ɗalibin da zai rubuta kundin digiri yana iya naɗar hirarsu, ya ɗauki hoton rasidi da lasisi da lambar inji, ya rubuta wanda ya saya da wanda ya gada. Wajibi ne a yi hattara, domin da zarar an ji tarihi yana kawo kuɗi, kowane tsohon babur zai zama na wani sarki ko wani mawaƙi. Duk da'awar da ba ta da takarda ko shaidu, a rubuta ta a matsayin ji-ta-ji-ta.

A ƙarshe, ya dace Gidan Makama ya keɓe ɗaki guda don babura uku ko huɗu masu cikakken tarihi, sashen Hausa kuma ya ɗauki nauyin tattara bayanansu. Dattawan da suka san labarin suna ta raguwa, kuma babur ɗin da ya shiga wutar narkarwa ba ya dawowa.