Tafiya a Kan Yatsun Ƙafa: Hakkin da Ya Rataya a Wuyan Malami

A unguwa irin Narayi, da ke kudancin Kogin Kaduna a Ƙaramar Hukumar Chikun, iyaye da dama kan kai 'ya'yansu makarantun raino tun suna shekara 2 ko 3, su wuce wurin aiki. Saboda haka malama ce kan yini da yaro, kuma ita ce kan fara lura da wanda ke tafiya a kan yatsu, dunduniyarsa ba ta taɓa ƙasa.

Irin wannan tafiya ba abin tsoro ba ce ga mai koyon tatata, domin yawancin yara kan daina ta da kansu. Wani bincike da aka yi a Suwidin aka kuma buga a 2012 ya nuna cewa kusan yara 5 cikin 100 sun taɓa yin ta, kuma fiye da rabinsu sun bari kafin shekara 5 da rabi. Amma idan ta zarce shekara 2 zuwa 3, tana iya zama alamar gajartar agara, ko raunin tsoka na gado, ko lahani a ƙwaƙwalwa. Irin wannan lahani kan biyo bayan doguwar naƙuda, ko shawarar jarirai, ko sanƙarau. Wasu kuma kan ɗora laifin a kan shan inna, alhali tun 2020 aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Nijeriya.

Kuskure biyu ne ya kamata malami ya guje wa. Na farko shi ne bulala da tsawa, kamar yaron iya shege yake yi. Duka ba ya miƙar da agara, sai dai ya jawo wa yaro tsangwamar 'yan uwansa. Na biyu shi ne kawar da kai da cewa zai daina in ya girma.

Malami ba likita ba ne, amma yana da ido. Ya duba: ƙafa ɗaya ce ko biyu? Yaron na iya dire dunduniya in an ce ya tsaya? Yana yawan faɗuwa? Maganarsa ta yi jinkiri? Sai ya sanar da iyaye cikin sirri da lalama, ya ba su shawarar zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. A can akan yi gashin ƙashi, ko a sa filasta ko takalmi na musamman, wani lokaci kuma tiyata.

Wasu za su ce wannan shisshigi ne cikin harkar iyali. Sai dai iyaye amana suka ba malami, kuma ɓoye abin da ya gani cin amanar ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, agarar yaro ma haka take.